Abin Da Ke Kashe Masu Ciwon Karkarwa, Da Dattawanmu Na Xiaobei

A daren 19 ga Fabrairun 1997 Deng Xiaoping ya rasu a Beijing yana da shekara 92. Sanarwar da hukumomin ƙasar Sin suka fitar ba ta ɓoye sanadi ba: ciwon Parkinson ne, wato ciwon karkarwa, da ya yi nisa, cutar huhu ta hau kansa, numfashi ya gagara. Wannan dattijo shi ne ya buɗe ƙofar kasuwancin ƙasarsa daga 1978, a zamaninsa aka mayar da Shenzhen yankin ciniki na musamman a 1980, kuma shi ya zagaya kudancin ƙasar a 1992 yana ƙarfafa wa masu masana'antu gwiwa. Ba don haka ba da babu Bahaushen da zai san wata unguwa mai suna Xiaobei a birnin Guangzhou, balle ya cika kwantena da yadi da takalma da wayoyi ya turo Kantin Kwari ko kasuwar Maraɗi. Mutumin da ya fi kowa samun kulawar likitoci a ƙasa mai mutum sama da biliyan, abin da ya ƙarasa shi shi ne yake ƙarasa talaka mai irin ciwonsa a Kurna ko Tudun Wada, wato huhu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne shekarun mutanenmu da ke bin wannan hanya. Waɗanda suka fara zuwa Guangzhou a ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 sun je ne suna 'yan talatin da wani abu ko arba'in. Yau sun haura sittin, wasu sun ba saba'in baya. Su ne a benen Tianxiu suna bi shago-shago, su ne a layin Baohan bayan magariba, su ne a sahun gaba ranar Juma'a a masallacin da ke jikin kabarin da mutanen garin ke dangantawa ga sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas. A wannan gaɓa ta rayuwa ce ciwon karkarwa ya fi kama mutum: kimanin mutum 1 cikin 100 na waɗanda suka wuce sittin, kuma ya fi yawa a maza. Alamominsa ba sa ɓuya ga mai lura. Hannu yana rawa idan an ajiye shi a cinya, murya ta dushe, fuska ta daina motsi har yara su zaci maigida fushi yake yi, tafiya ta koma jan ƙafa, sa hannu a takardar kaya ya ƙanƙance.

Magana biyu ake faɗa a kan irin wannan dattijo, kuma dukansu suna kwantar da hankali fiye da kima. A gida cewa ake yi tsufa ne, ko sanyi ne ya shige shi. A asibiti kuwa, in an yi sa'a an gano ciwon, likita yakan ce: “Alhaji, kwantar da hankalinka, wannan ciwo ba ya kisa, da shi ake rayuwa.” Na fahimci likitan. Tsoro yake so ya cire wa mara lafiya, kuma akwai gaskiya a maganarsa, don mutane da yawa suna shekara goma sha biyar ko ashirin da ciwon. Sai dai iyali sukan ɗauki maganar su kai ta gida ta zama lasisin sakaci. A ganina a daina faɗinta haka tsurarta. Ciwon yana zama sanadin ajali ta hanyoyin da aka sani, aka ƙirga, kuma yawancinsu hanyoyi ne da ɗa ko mata ko yaron shago zai iya tsarewa in an nuna masa inda zai sa ido.

A 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya bayyana ciwon daga mutum shida da ya lura da su. Bayan shekara 150, a 1967, likitoci biyu a New York, Margaret Hoehn da Melvin Yahr, suka bi tarihin ɗaruruwan marasa lafiya, suka ga mutuwa a cikinsu ta kusa ninka ta sa'o'insu sau uku. A shekarar ce kuma George Cotzias ya nuna cewa maganin levodopa, in an ba da shi isasshe, yana tayar da wanda ya sandare ya yi tafiya. Ƙwaƙwalwa ce ke juya maganin ya koma sinadarin dofamin, wanda ƙwayoyin da ke samar da shi suke mutuwa sannu a hankali a kan mai ciwon. Maganin ya gyara rayuwar miliyoyin mutane, amma bai tsayar da mutuwar ƙwayoyin ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Aberdeen ta Birtaniya suka tattara nazarce-nazarcen ƙasashe daban-daban, suka ga har yanzu haɗarin mutuwar mai ciwon ya kai kimanin ninki ɗaya da rabi na wanda ba shi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 fiye da mutum miliyan 8.5 ke ɗauke da ciwon, kuma ya yi sanadin mutuwar 329,000 a shekarar, sama da ninki biyu na adadin shekarar 2000.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na birnin Sidni a Ostireliya, inda aka ɗauki mutum 136 tun farkon ciwonsu aka bi su har shekara 20. Da aka kai ƙarshe, 100 sun rasu. Cikin waɗanda suka rage, kashi 83 cikin 100 tunaninsu ya taɓu, kashi 87 sun sha faɗuwa, kashi 35 sun karye, kusan rabi abinci yana sarƙe su. Mutane ne da ke da magani a hannu, da asibiti a kusa, da motar ɗaukar marasa lafiya da ke zuwa in an kira. A Legas, Farfesa Njideka Okubadejo da abokan aikinta sun bi wasu 'yan marasa lafiya na tsawon shekara shida, suka buga rahoto a 2005: ɗaya cikin huɗu sun rasu, alhali a cikin sa'o'insu marasa ciwon kimanin kashi 7 cikin 100 ne suka rasu.

Mu bar lissafi mu shiga gidan cin abinci. A Xiaobei ga su nan birjik, na Musulman Sin 'yan ƙabilar Hui masu taliyar hannu, da na Uygur masu gasasshen naman rago, da na 'yan Afirka ta Yamma da ke dafa tuwo da shinkafa a benaye. Ka lura da dattijo mai ciwon idan an kawo shayi. Zai ɗaga kofi da hannu biyu, ya kurɓa, ya riƙe ruwan a baki na ɗan lokaci, sannan ya haɗiye. Sai tari ya taso, ƙaramin tari mara ƙarfi, idonsa ya kawo ruwa. Yaronsa ya ce, “Sannu Alhaji, ƙara ruwa,” ya miƙa masa gora. Ya ɗaga kai sama ya kwankwaɗa, ya sake ƙwarewa. In ya yi magana bayan haka za ka ji muryar a jiƙe. Kowa ya koma kan zancen farashi da kuɗin kago. Abin da ya faru kuwa, wani ɓangare na shayin da miyau ya bi hanyar iska ya gangara huhu.

Haɗiya aiki ne na tsokoki da yawa da dole su motsa a jere cikin ƙiftawar ido, a rufe hanyar numfashi daidai lokacin da abinci ke wucewa. Ciwon da ya sa ƙafa nauyi shi ke sa waɗannan tsokoki nawa. Yana kuma rage ƙarfin tarin da zai fitar da abin da ya kauce hanya, yana dakushe jin maƙogwaro, har ta kai abinci yana shiga huhu mutum bai ko yi tari ba. Miyau yana taruwa saboda ba a haɗiye shi a kai a kai, ga shi ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke haƙora da dasashi, da dare ya riƙa silalewa ƙirji. Bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi, sai haki, sai kasala. A Guangzhou a ce sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne, a Kano a ce maleriya ce ko taifot, a sayo magani a kemis, a ɓata kwanakin da suka fi kowanne tsada. A Koriya ta Kudu an duba bayanan inshorar lafiya na ƙasa aka buga sakamako a 2021: mai ciwon karkarwa ya fi wanda ba shi da shi haɗarin irin wannan cutar huhu, wato nimoniya, da kimanin ninki huɗu, kuma cikin waɗanda ta kama kusan biyu cikin uku sun rasu kafin shekara ta zagayo. A arewa maso gabashin Ingila wani nazari na 2010 ya ga nimoniya ce ta rufe rayuwar kashi 45 cikin 100 na marasa lafiyar da aka duba. Rawar hannu, wadda ita ce ke ba Alhaji kunya a gaban abokan ciniki, ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne sauƙin matakan da ke rage wannan haɗari. A ci abinci a zaune tsaf, ba a kishingiɗe ba. Loma ƙarama, kurɓi ƙarami, haɓa a sunkuye kaɗan lokacin haɗiya maimakon a ɗaga kai. Kada a sa shi magana da abinci a baki, kada ya kwanta da zarar ya gama. A daidaita lokacin cin abinci da lokacin da magani ke aiki a jiki. Ruwa tsinkakke ya fi saurin sarƙe mutum, shi ya sa likitoci sukan ba wasu shawarar abin sha mai kauri, mu kuwa ga koko da kunu da fura. Sannan tsaftar baki. A Japan an gwada a gidajen kula da tsofaffi, aka ga waɗanda ake wanke wa baki bayan kowane abinci sun fi ƙarancin kamuwa da nimoniya da mutuwa ta dalilinta. Al'ummar da ta gaji asuwaki bai kamata a koya mata wannan ba, amma hannun da ke rawa ba ya iya goge haƙori yadda ya kamata, kuma 'ya'ya suna jin nauyin cewa, “Baba, kawo in wanke maka.” Wannan kunya tana da tsada.

Ba huhu kaɗai ba ne ƙofar da ƙwayoyin cuta ke shiga. Mafitsarar mai ciwon ba ta juye fitsari duka, sauran ya zauna ya zama gidan cuta. Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya daɗe da ciwon, a Fabrairun 2005 sai da aka huda masa maƙogwaro don ya samu numfashi, amma cutar hanyar fitsari ce ta shiga jininsa, ya rasu ranar 2 ga Afrilu. Muhammad Ali an gano nasa ciwon a 1984, duniya ta gan shi yana kunna wutar wasannin Olimfik a Atlanta a 1996 hannunsa na rawa, ya rayu da shi shekara 32. An kwantar da shi da matsalar numfashi, cuta ta shiga jini, ya rasu ranar 3 ga Yunin 2016 yana da shekara 74. A jikin tsoho mai wannan ciwo, cutar fitsari sau da yawa ba ta fara nuna kanta da zafi, ruɗewa ce ke fara bayyana. Dattijon da jiya lafiyarsa ƙalau, yau yana sambatu ko barci ya yi masa yawa, gwajin fitsari da hoton ƙirji yake bukata a ranar.

Sai faɗuwa. A nan Xiaobei ba ta yi wa mai ciwon sauƙi ba. Ga gadar masu tafiya a ƙafa da ta haye titin Huanshi, ga matakalan lantarki na tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga 'yan dako da amalanke cike da katan-katan suna kutsawa tsakanin mutane. Ciwon yana da wata ɗabi'a: a bakin ƙofa ko cikin cunkoso ƙafa takan liƙe a ƙasa, jiki ya ci gaba, mutum ya kife. Lokacin bajekolin Canton na watan Afrilu, wanda ake yi tun 1957, ya zo daidai da damina da laimar garin, tayil ɗin bene yana santsi, banɗakin otal ma haka. Ga wata matsalar da ba a cika sani ba: ciwon da maganinsa duka suna sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe tsaye, sai jiri, sai duhu a ido. Wanda ya yi awa goma a zaune cikin jirgi daga Adis Ababa, bai sha ruwa sosai ba don gudun zuwa banɗaki, ya tashi da asuba cikin gaggawa zai yi alwala, shi ne ake tsinta a ƙasa. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne, kimanin ɗaya cikin biyar ko fiye ba sa kai shekara bayanta. Ba ƙashin ne ke kisa ba, kwanciyar ce: gudan jini a ƙafa, gyambon baya, sannan nimoniyar da muka baro. In aka dawo da shi gida aka kai wa maɗori ya kwantar da shi wata biyu, an haɗa masa duka ukun.

Maganin wannan yana nan 'yan taku kaɗan daga Xiaobei, a lambun Yuexiu, inda tsofaffin garin ke fitowa da sassafe suna motsa jikin nan nasu na taici, a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. A 2012 an buga wani gwaji da aka yi a jihar Oregon ta Amurka da mutum 195 masu ciwon karkarwa, aka ga waɗanda suka yi wata shida suna taici sun fi iya tsayuwa da ƙafafunsu, faɗuwarsu ta ragu idan aka kwatanta da masu miƙe gaɓoɓi kawai. Ba ina cewa Alhaji ya shiga sahun tsofaffin Sinawa ba ne dole. Tafiyar ƙafa kullum, da ganin likitan gashin ƙashi, da sanda, da ƙarfen kamawa a banɗaki, da sallah a kan kujera idan tashi daga sujada ya fara kawo jiri, duk suna yin aiki. Abin da muke yi na zaunar da dattijo wuri ɗaya don girmamawa, a hana shi ɗaukar ko buta, yana gaggauta sandarewarsa.

Hanya ta gaba ita ce ta fi shafar matafiyi, wato yankewar magani. Levodopa ba ya daɗewa a jini, shi ya sa ake shan sa sau uku ko huɗu ko fiye a yini, kuma jinkirin awa ɗaya ma yakan nuna a jikin wanda ciwonsa ya yi nisa. Tsakanin Kano da Guangzhou akwai tazarar awa 7. Wanda ya saba sha bayan asuba da azahar da magariba, in ya sauka Sin ya bi agogon can ba tare da shiri ba, zai samu dogon giɓi ko ya haɗa biyu kusa da kusa. Wani ya sa maganin a babban akwati, akwatin ya maƙale a hanya. Wani ya ɗauko na kwana goma sha huɗu, masana'anta ta ja masa rai ya yi wata guda. Wani ya haɗiye ƙwayar a kan tsire ko farfesu, bai san nama yana tare wa maganin hanyar shiga jini ba, shi ya sa ake so a sha shi kimanin rabin awa kafin abinci. Idan aka yanke maganin kwatsam na 'yan kwanaki, jiki yana iya sandarewa gaba ɗaya, zazzaɓi mai zafi ya taso, hankali ya gushe, ƙoda ta taɓu. Likitoci sun san wannan yanayi, kuma yana kisa. Haɗiya ma tana ƙara lalacewa, wato an koma kan huhu. Maganar azumi ta shigo nan: wanda ke shan maganin sau huɗu a yini ya zauna da likitansa da malaminsa kafin watan ya tsaya, don shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Akwai kuma magungunan da ke yi wa mai ciwon illa, waɗanda ake bayarwa da kyakkyawar niyya. Maganin amai irin su Plasil da Stemetil, da haloperidol da ake yi wa wanda ya ruɗe allurarsa don ya natsu, duka suna toshe aikin dofamin, su ƙara sandarar da mutum. Shi kuma benzhexol, wanda matasa suka ɓata wa suna da Exol, shi ne ake yawan ba tsofaffinmu saboda araha, alhali yana rikita tunanin tsoho, ya riƙe masa fitsari, ya ƙara masa taurin bayan gida. Yanzu ka ɗauki wannan dattijo a ɗakin gaggawa na wani asibiti a Guangzhou, ba ya jin Sinanci, likita ba ya jin Hausa, tafintan da ke tare da shi ya iya lissafin katan da farashi amma bai san sunan ciwon ba. Birnin ba ya rasa ƙwararru. Asibitin Jama'a na Lardin Guangdong da asibitin farko na Jami'ar Sun Yat-sen duk suna gundumar Yuexiu ɗin da Xiaobei take, kuma maganin levodopa mai suna Madopar yana samuwa da takardar likita. Takarda guda ce ke rasawa, mai ɗauke da sunan ciwon da sunan magani da lokutan shansa da abin da ba a ba shi, da Sinanci da Turanci, a aljihun gaba tare da fasfo.

Wasu kuma ba sa ma zuwa asibitin. Masu bincike da suka tattauna da 'yan Afirka mazauna Guangzhou sun gano abubuwan da ke hana su neman magani: tsada, harshe, da matsalar takardu. Asibiti yana neman fasfo da kuɗin ajiya. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta sa tarar yuwan 500 a kan kowace ranar da mutum ya wuce wa'adin bizarsa, har zuwa 10,000, ko tsarewa. Wanda bizarsa ta ƙare yakan gwammace ya kwanta a ɗaki da zazzaɓi. Mun kuma ga abin da ya faru a Afrilun 2020, lokacin korona, da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal har wasu suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin Zhou Pingjian ya nuna masa ɓacin ran Najeriya. Alƙaluman hukumomin birnin sun nuna 'yan Afirka sun ragu daga 13,652 a ƙarshen 2019 zuwa 4,553 a Afrilun 2020. Matashi zai iya jure irin wannan mako. Mai ciwon da ransa ke rataye da ƙwaya huɗu a yini ba zai iya ba.

Taɓuwar tunani ita ce muka fi ɓoyewa, kuma bincike ya nuna tana cikin manyan alamomin cewa ciwon ya shiga matakin haɗari. Dattijo ya fara ganin mutane a ɗaki, ko yara a bakin gado, ko ya zargi na kusa da shi da sata. Nan da nan a ce aljanu ne, ko wani abokin kasuwa ya yi masa sammu. Ba ni da ja da addu'a da ruƙiyya. Abin da nake ja da shi shi ne a tsaya a nan, a janye maganin asibiti, alhali sau da yawa rage wani magani ko magance wata cutar da ta ɓuya shi ke dawo da hankalin.

Na san abin da mai karatu zai ce: kowa da ranarsa, babu mai ƙara wa wani kwana. Haka ne, kuma na yi imani da shi. Amma Alhajin da ya yi imani arziki na Allah ne bai taɓa barin a rufe masa kwantena bai ƙirga katan ba, bai kuma taɓa tura kuɗi masana'antar da bai bincika ba. Riƙo da sababi da ya yarda da shi a kan dukiya ya fi cancanta a kan rai. Wani kuma zai ce to a hana su tafiyar mana. Ban goyi bayan haka ba ga wanda ciwonsa yake farko-farko, magani yana riƙe da shi. Kasuwa ce rayuwarsa, raba shi da ita yana jefa shi cikin damuwa da zaman wuri ɗaya, su ma cuta ne. Iyakar da nake gani ita ce ranar da ƙwarewa da ruwa ta zama ta kullum, ko faɗuwa ta maimaitu, ko ruɗewa ta fara.

A gida kuwa matsalar ta fi ta Guangzhou girma, don ba ma ƙirga waɗannan mace-mace. A Ingila ma, nazarin nan na 2010 ya ga kashi 63 cikin 100 ne kawai aka rubuta sunan ciwon a takardar shaidar mutuwarsu. Mu da ake rasuwa da safe a binne kafin azahar, mafi yawan mamata ba a yi musu rajista, sanarwa kuma kullum “bayan doguwar jinya” ce, wa zai san adadin? A gundumar Hai ta Tanzaniya an bi gida-gida aka buga sakamako a 2008, aka tarar kusan huɗu cikin biyar na masu ciwon ba a taɓa gaya musu abin da ke damunsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi 0.03 ne ga kowane mutum 100,000, a ƙasashe masu arziki kuwa 4.75. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun yi rubuce-rubuce a kan masu ciwon da suke gani, amma waɗanda suka iso Kano su ne masu hali da masu sa'a. Levodopa yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, duk da haka binciken da aka yi a kantunan magani na Najeriya ya nuna ba ya samuwa a wurare da yawa, musamman na gwamnati, inda ya samu kuma ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Wannan rashi ne ya sa likitocin Italiya irin su Roberto Cilia suka gwada garin gasassun 'ya'yan ƙarara, waɗanda ke ɗauke da sinadarin, aka ga yana aiki. Amma ƙarfinsa ya bambanta daga iri zuwa iri, ba abin da za a daka a gida a sha da ka ba ne.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Guangzhou sun iya haɗa kuɗi cikin kwana biyu idan ɗan'uwa ya rasu, don a yi masa sutura ko a dawo da gawarsa, kuma Allah Ya saka musu. Ina roƙonsu su kashe kaɗan daga wannan himma tun mutum yana da rai: a samu tafinta ɗaya da ya san harshen asibiti, a buga wa duk mai ciwon takardar da na ambata, a san lambar gaggawa ta 120. Masu hannu da shuni da ke cika jirgin ruwa da kaya kuma su haɗa kai da asibitocin Kano da Katsina da Maraɗi a shigo da ingantaccen levodopa ta hanyar hukuma, a sayar da shi a farashin da talaka zai iya.

Ku kuma 'ya'ya da matan waɗannan dattawa, duk wanda ya ga Baba yana ƙwarewa da ruwa, ko ya faɗi sau biyu cikin shekara, ko ya fara ganin abin da babu, kada a sake yanka masa tikitin Guangzhou shi kaɗai, kuma a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi cikin makon nan.